Su Nawa Ne?

Sai da aka sallami 'yan jarida aka murza wa ƙofa makulli, sannan Kwamishinan Kuɗi ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Ranku ya daɗe," ya ce, "tunda mu kaɗai ne, bari in faɗa muku a fili. Babu kuɗi."

'Yan kwamitin kasafin kuɗi na majalisar jiha su tara ne a kewayen dogon teburin. Can ƙarshe, kusa da na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗigar da ruwa cikin wani tsohon bokiti, Uwar Ofis na zaune da littafinta da biro biyu. Shekara ashirin da uku ke nan tana rubuta abin da ake faɗa a wannan ɗaki. Ciyamomi shida sun zo sun wuce a kan idonta. Ta san mai barci da ido buɗe, ta san wanda ba a jin muryarsa sai an shigo da abinci. Tun daga masinja har Kakakin majalisa kowa Uwar Ofis yake ce mata, kuma sun saba da ita har sun daina ganin ta. Shi ya sa da Kwamishina ya ce su kaɗai ne, babu wanda ya waiwaya.

Ya yi musu bayani. Kason da gwamnatin tsakiya ke turowa ya ragu. Harajin da aka yi hasashe rabinsa bai shigo ba. Bankuna kuma sun ce sai an sallame su a kan na baya kafin a yi zancen sabo. Giɓin da ke cikin kasafin bana, in ji shi, ya isa ya haɗiye ma'aikatu uku. Hanya biyu ce ta rage: ko a ƙara haraji, ko a yanka.

"Haraji?" Ciyaman ya zaro ido. "Saura wata takwas zaɓe kake ce mana haraji? Kai naɗa ka aka yi, mu kuwa sai mun koma gida mun durƙusa mun roƙa. Kawo wuƙa kawai."

Aka buɗe kundin. Awa uku ana abu guda, duk inda wuƙar ta doso sai wani ya tare da hannu. Gadar mazaɓar wannan, ai an riga an aza harsashi, hotonsa na nan a bakin hanya. Sababbin motocin 'yan majalisa, ai an riga an yi oda, suna kan ruwa. Da aka zo kan gyaran gidan saukar baƙin gwamnati, Kwamishina rufin ɗakin kawai ya nuna da yatsa, kowa ya gane daga sama ne, aka buɗe shafi na gaba. An so a taɓa alawus ɗin malamai, sai aka tuna suna da ƙungiya, shugabansu kuma bakinsa ba ya rufuwa.

Ɗan adawa guda ne a kwamitin, wanda ake yi wa laƙabi da Tsawa saboda muryarsa. Ya miƙe ya doki tebur har kofuna suka yi ƙara, ya rantse sai ya fita ya gaya wa talakawa irin wasan da ake yi da dukiyarsu. Ciyaman ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi a hankali, rijiyoyin burtsatse nawa aka sa wa mazaɓarsa.

"Sha biyu."

"A mayar masa ashirin."

Tsawa ya zauna yana gyara hula, yana cewa shi dai don jama'a yake yi.

Sai aka iso shafi na arba'in da ɗaya.

"Wannan kuma mene ne?" Ciyaman ya kara takardar kusa da fuska. "Tallafin wankin ƙoda. Kai, abin da nauyi haka?"

"Magungunan da kayan aikin duk daga waje ake sayo su, ranka ya daɗe," in ji Kwamishina. "Gwamnatin da ta wuce ce ta fara. Kyauta ake yi musu."

"Su nawa ne?"

"Ɗari huɗu da sha ɗaya."

"A duk faɗin jihar?"

"A duk faɗin jihar."

"Suna da ƙungiya?"

"Ba su da ita."

Wani mai ƙiba da ke kusa da taga ya ce, "To ai ko akwatin zaɓe ɗaya ba su cika ba." Na gefensa ya ƙara da cewa, "Kuma kafin zaɓen ya zo ma, wa ya san nawa za su rage?" Aka yi dariya, ba mai yawa ba, irin wadda ake yi ana kallon ƙofa. Kwamishina ya ce ba sai an ce an soke ba, za a rubuta an dakatar domin a sake fasali. Ciyaman ya ja layi da jan biro, ya duba agogo, ya tambaya ko abincin ya iso.

Hannun Uwar Ofis bai tsaya ba. Shekarun aiki sun koya masa tafiya shi kaɗai, ya rubuta kowace kalma da sunan wanda ya faɗe ta. Kunnuwanta ne kawai suka ɗauki zafi. Ranar Talata ce. A daidai wannan lokaci mijinta na kwance a babban asibiti, allura biyu a hannunsa na hagu, jininsa na fita yana zagayawa cikin inji yana dawowa. Shekara uku da suka wuce, da ciwon ya kayar da shi, wannan Ciyaman ɗin ne ya sa hannu a takardar hutunta, har ya ce Allah ya ba Malam lafiya.

Ƙarfe huɗu ta isa asibiti ɗaukar sa. Ɗakin wankin gadaje takwas ne, da warin maganin goge ƙasa, da talabijin da aka kashe wa murya. Malam, tsohon malamin firamare, ya shekara uku yana zuwa Talata da Juma'a. A gadon da ke kusa da nasa kullum Tela ne, wani dattijo siriri mai shagon ɗinki a bakin tasha. Awa huɗun da suke yi a kwance gardamar ƙwallo suke cika ta da ita, har nas-nas suka raɗa musu suna Miji da Mata.

"Ga gwamnati ta iso!" Tela ya ɗaga hannunsa marar allura. "Uwar Ofis, yau me kuka yanka mana a majalisa? Sa ne ko rago?"

Ta sunkuya ta hau neman takalman Malam a ƙarƙashin gado, alhali tana kallon su.

Sai da suka isa gida, ta zaunar da shi a kujerarsa ta tsakar gida, ta ba shi 'yar ƙanƙarar da yake tsotsa maimakon ruwa, don likita ya ƙayyade masa rabin kofi a yini, sannan ta gaya masa. Ba ta rage komai ba, har maganar akwatin zaɓe.

Ya daɗe yana juya ƙanƙarar a baki.

"To ai gaskiya suka faɗa," ya ce. "Ba mu cika akwati ba."

"Malam, kada ka yi mini wasa da wannan maganar! Ina zaune suka yi ta. Ina zaune! Da hannuna na rubuta."

"Na ji. Abu ɗaya nake roƙon ki, uwar yara. Saura shekara huɗu ki ajiye aiki da mutuncinki. Kada zuciya ta sa ki yi abin da za mu rasa biyu."

Ta shiga kicin ta hau wanke tukunyar da ta riga ta wanke da safe.

A al'adar ofis, rahoton zaman sirri layi kaɗan ne: bayan doguwar tattaunawa mai ma'ana, kwamiti ya amince da kaza da kaza. Ta buga irinsa ya fi ɗari biyar. Washegari ta zauna gaban kwamfuta ta buga shafi goma sha huɗu, kowa da sunansa, kowa da maganarsa, har inda aka yi dariya ta sa an yi dariya. Ta kai wa Akawun majalisa ta ajiye, ta koma kujerarta. Minti ashirin bai cika ba ya leƙo da kansa, fuskarsa duk gumi.

"Uwar Ofis, lafiyarki kuwa? Mene ne wannan?"

"Rahoton zaman jiya ne, yallaɓai."

"Na ga rahoto ne! Wa ya ce ki sa waɗannan maganganun?"

"Akwai wadda ba a faɗa ba a ciki? Nuna mini in goge."

Ya rufe ƙofa, ya rage murya. Ya ce ya san halin da take ciki, shi ma ƙanin mahaifiyarsa da wannan ciwon ya tafi. Amma su ma'aikata ne, ba 'yan siyasa ba. Ta sake bugawa yadda aka saba, shi kuma zai yi kamar bai gani ba.

"Yallaɓai, ka fi ni iya kwamfuta," ta ce. "Ni wannan na ji, wannan na rubuta."

Kafin azahar Ciyaman ya aiko a kira ta. Ofishinsa sabon fenti ne, da kujerun fata da ba a gama cire musu leda ba. Ya taso ya tarye ta har bakin ƙofa.

"Haba Uwar Ofis, haba uwata! Me ya sa ba ki tuna mini ba? Wallahi shaf na manta Malam na cikinsu. Ai da kin yi mini raɗa a kunne, da mun san yadda muka yi da shi. Mu da ke ai gida ɗaya ne."

"Sauran ɗari huɗu da goman fa, ranka ya daɗe? Wa zai yi maka raɗarsu?"

Murmushin ya ɗan ja baya. Ya ce ita ba ta san mulki ba. Kuɗi babu, ba shi ya ɓoye su ba. Ko ya so ko ya ƙi sai an yanki wani, kuma duk wanda aka yanka yana da mata, yana da 'ya'ya. In aka taɓa malamai makarantu su rufe, in aka taɓa 'yan majalisa kasafin ba zai wuce ba, kowa ya rasa. "Ke da kike ganin laifina, zo ki zauna a nan ki nuna mini wanda zan yanka."

"Motocinku," ta ce. "Shafi na tara. Na lissafa, sun isa a yi wa mutanen nan wanki shekara biyu har da canji."

"Motocin suna kan ruwa."

"To Allah ya kawo su lafiya. In sun iso sai ku ara mana guda, mu riƙa kai gawa."

Ita kanta ba ta san za ta faɗi haka ba. Ta fito, ta ɗauki jakarta da kwafi guda na rahoton, ta hau motar haya zuwa wani gidan rediyo mai zaman kansa. Ta miƙa wa mai gabatar da shirin safe hannu da hannu, ta gaya masa sunanta da aikinta, don ta ce ba sata ta yi ba balle ta ɓuya.

Kwana huɗu garin ya ɗauka. A tasha, a kasuwa, a shagon aski, ba a zancen komai sai akwatin zaɓe. Masu kiran waya suna kuka suna tsinuwa. Tsawa ya shiga rediyo ya ce shi kaɗai ya tsaya a ɗakin nan yana yaƙi, har muryarsa ta dushe. Kwamishina ya ce ba a soke komai ba, fasali ake sakewa. Mai ƙiba ya ce an yi wa maganarsa mummunar fassara. A rana ta biyar wata tankar mai ta faɗi a tsakiyar gari, hankalin kowa ya koma can. Ranar da aka kawo kasafin zauren majalisa, Kakaki ya ce masu goyon baya su ce e, aka ce e, ya buga guduma. Duka bai kai minti uku ba.

Ita kuwa takarda aka ba ta. An mayar da ita ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli da ke bayan ginin, kafin kwamitin ladabtarwa ya zauna a kanta. Ɗakin babu taga, babu waya, sai ƙura da ɓeraye. Abokan aikin da ta yi wa rainon 'ya'ya suka koma gaishe ta da ido daga nesa.

Farkon wata aka manna sanarwa a ƙofar ɗakin wanki. Kowa zai biya kafin a ɗora shi a inji, kuma kuɗin zama ɗaya ya kusa rabin albashinta. Suka sayar da firiji, suka sayar da filin da Malam ya saya don 'ya'ya. Daga sau biyu a mako ya koma sau ɗaya. Tela ya zo sau biyu, ya sayar da keken ɗinkinsa ya zo na uku, daga nan ba a sake ganin sa ba. Mako uku bayan haka 'yarsa ta bugo wa Malam waya, ta ce Baba ya rasu, kuma ya bar wasiyya lallai a gaya masa, kada ya ji a bakin wani. Malam ya ajiye wayar a cinya, ya ce, "Mutumin nan bai taɓa yarda ƙungiyarsa ba ta iya ƙwallo ba."

Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Fuskarsa ta cika, numfashinsa ya koma kamar na wanda ya hau tudu da kaya. Kwanciya ta gagare shi, sai dai a jera masa matasai ya jingina. Uwar Ofis ta je ma'aikatar lafiya sau shida. Kowane zuwa sai a ce mata ana kan sake fasali.

Wata Litinin da hantsi, tana cikin kaɗe ƙurar fayiloli, sai ga Ciyaman da kansa a bakin ƙofa, yana toshe hanci da hankici. A lokacin hotunansa sun cika gari, kujerar da ta fi tasa yake nema.

"Uwata, ni ba na riƙo," ya ce. "Abin da ya wuce ya wuce. Na kafa gidauniya da aljihuna. Mutum goma zan ɗauki nauyin wankinsu, sau biyu a mako, shekara guda cur. Sunan Malam ne na farko, da hannuna na rubuta."

Ta tsaya da tsumma a hannu tana kallon sa.

"Ranar Alhamis za a ƙaddamar a asibiti. 'Yan jarida za su zo. Ki ce wani abu a madadin iyalai, kalma biyu kawai. Ki ce waccan takardar ɓacin rai ne ya sa aka yi ƙari a cikinta. Maganar kwamitin ladabtarwa kuma ki bar mini."

"In na ƙi fa?"

"Ai ba dole. Masu jira suna da yawa." Ya ninke hankicin ya sa a aljihu. "Ki yi shawara da Malam."

Ta tarar da Malam a jingine, bakinsa a buɗe yana jan iska. Ta zauna a bakin gado ta gaya masa. Tana magana tana murɗa gefen zanin gadon har yatsunta suka yi fari.

"Da kuɗinmu, Malam! Ya yanke na mutum ɗari huɗu, ya dawo da na goma, kuma mu tsaya mu yi masa tafi. Har in ce ƙarya na yi. Ni! Shekara ashirin da uku ban taɓa ƙara wa kowa wasali ba."

Ya kama hannunta. Sai da ya huta sau biyu kafin ya gama jimlar.

"Kada ki je... saboda ni. Na ce miki kada ki yi, kika yi... kuma daidai kika yi. Kada ki je."

Ta dubi hannun da ke riƙe da nata. Ya kumbura har zoben azurfarsa ya nutse cikin fata. Ta danna bayan hannun da yatsa, wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

Ranar Alhamis an kafa rumfa a harabar asibiti, an jera kujerun roba, an rataya ƙyalle mai hoton Ciyaman yana murmushi. Marasa lafiya goma aka jera a gaba cikin keken guragu, kowa an sa masa hula mai sunan gidauniya. A bayan igiyar da 'yan sanda suka ja kuwa mutane ne tsaye cikin rana, wasu an riƙo su, wasu sun zauna a ƙasa, kowa da katin asibiti a hannu, don an ce musu wataƙila a ƙara suna. Ta san fuskoki da yawa a cikinsu. Wata mata da suka sha zama tare a benci ta ɗago mata hannu. Uwar Ofis ta kawar da kai.

Kwamishina ya yi jawabi a kan haɗin gwiwar gwamnati da masu hannu da shuni. Tsawa ma ya zo, ya ce alheri ba shi da jam'iyya. Sannan mai gabatarwa ya kira ta, ya ce ga uwa, ga ma'aikaciya, ga wadda ta san komai daga ciki.

Ta tsaya gaban makirufo. Malam na ƙasa daf da ita, hular ta yi masa yawa ta rufe masa gira. Bai ɗago ba. Tana jin numfashinsa daga inda take.

"A madadin iyalai," ta ce, "muna godiya ga mai girma Ciyaman. Takardar da aka karanta a rediyo, ɓacin rai ne ya sa na yi ƙari a cikinta. Allah ya saka da alheri."

Aka yi tafi. Ta juya za ta sauka, sai wani mai ɗaukar hoton talabijin ya ɗaga hannu yana cire abin sauraro daga kunne.

"Yi haƙuri, Mama, janareta ya rufe muryarki, ba mu samu ba. Ɗan maimaita mana daga wurin takardar. Ki ɗaga murya, kuma ki kalli nan."

Ciyaman ya matso kusa da ita don ya shiga hoton. Can bayan rumfa nas ta fito tana kiran lamba ɗaya, ta ce an gama haɗa inji. Wani ma'aikaci ya kama keken Malam zai tura, mai gabatarwa ya yi masa alama ya dakata tukuna, a gama ɗauka.

Uwar Ofis ta gyara tsayuwa, ta kalli inda aka ce ta kalla, ta ɗaga murya.